Tantin Soja na Gwanjo a Tafiyar Ƙafa: Abin da Na Gani a Duwatsun Shere

Masu sha'awar kwanan daji sukan tambayi juna ko tantin sojoji na gwanjo, irin wanda aka ɗinka da tamfol ɗin auduga mai kauri, zai wadatar da mutumin da zai goya dukan kayansa ya yi tafiyar ƙafa. Abin da yake jan hankali gare shi shi ne arha da ƙarko, domin mutum yana taɓa yadin zai san ba na yayi ba ne. Ni ma abin da ya ja ni ke nan na sayi ɗaya, na kuma kwana a cikinsa a hunturu da damina a duwatsun Shere da ke gabas da garin Jos, inda ƙololuwa mafi tsayi ta haura mita 1,800 daga doron teku.

Wanda na saya shi ne na tsohuwar rundunar sojan Poland, wanda 'yan kasuwa suke kira lavvu saboda siffarsa ta yi kama da tantin al'ummar Sami na arewacin Turai. A zahiri riguna biyu ne na kare ruwa, kowace tana da kafar fitar da hannu, waɗanda ake haɗa bakinsu da maɓallai, a kafa sanda guda a tsakiya, a buga turaku a kewaye, sai su tashi kamar jinkar ɗaki. Tsayinsa a tsakiya bai kai mita 1.5 ba, saboda haka ba a miƙewa tsaye a ciki, kuma sandar tana raba wurin kwanciya gida biyu. Ba shi da zif, ba shi da shimfiɗar ƙasa, ba shi da ragar sauro. Tare da sanda da turaku nauyinsa ya kusa kilo 3.5 idan a bushe yake.

Tarihin wannan tsari shi ne yake bayyana matsalarsa. Sojojin Faransa sun yi amfani da irinsa a ƙarni na 19, sojojin Amurka kuma suka ɗauki dabarar a lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, kuma hikimar ita ce kowane soja ya ɗauki rabi, da dare mutum biyu su haɗa nasu su sami mafaka, a irin na Poland kuma da rana rabin ya zama abin yafawa. Ba a taɓa tsara shi don mutum guda ya goya duka biyun ba. Manyan tantunan soja kuwa ba a ma maganarsu a tafiyar ƙafa: matsakaicin tantin sojan Amurka mai faɗin ƙafa 16 da tsawon ƙafa 32 ya haura kilo 200 idan aka haɗa da sanduna da turaku, kuma a bayan babbar mota ake kai shi inda za a kafa. Rundunar soja tana neman abin da zai jure wulaƙanci na shekaru a hannun mutane da yawa, tana da motoci da ƙarfafan samari, don haka nauyi ba shi ne abin da ta fi damuwa da shi ba.

Tafiyarmu ta farko a watan Janairu ce, ni da ƙanena da wani ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen. Ni na ɗauki tantin gaba ɗaya, ƙanena ya ɗauki abinci da tukunya. Masu doguwar tafiyar ƙafa suna bin ƙa'idar cewa kada kayan da mutum zai goya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa, wato kilo 14 ga mai nauyin kilo 70. Ruwan sha lita 4 kaɗai kilo 4 ne, kuma a hunturu ba a dogara da samun ruwa a kan dutse. Idan aka ɗora tantin, da tamfol ɗin shimfiɗa, da gidan sauro, da bargo, sai a ga kusan an cinye kason tun ba a saka tufa ko magani ba. Girmansa ma wata matsala ce ta daban, domin ko an naɗe shi tamau yakan cika rabin jakar goyo, har sai da na ɗaure bargo a waje. A wurin da hanya ta matse tsakanin manyan duwatsu, inda sai an yi amfani da hannuwa, jakar ta riƙa ja na baya. Ƙanena ya tsaya ya dube ni ya ce, "Yaya, ka kwance rabin ka ba ni, tun da dama don mutum biyu aka yi shi." Haka muka yi, kuma daga nan ne tafiyar ta miƙe.

Da dare kuwa tantin ya nuna inda amfaninsa yake, kuma ba zan rage masa haƙƙinsa ba. Iskar hunturu ta taso bayan isha, mai sanyi har cikin ƙashi, amma yadin bai riƙa kaɗawa yana ƙara ba kamar yadda na nailan yake yi, siffarsa ta jinka kuma ta sa iskar tana zamewa ta gefe. Mun hura 'yar wuta nesa kaɗan da ƙofa, tartsatsi ya faɗa kan yadin ya mutu bai bar komai ba sai ɗan baƙin tabo, alhali da nailan ne da nan take ya narke ya huje. Da asuba na shafa cikin tantin na ji shi a bushe, domin auduga tana barin tururin numfashi ya fita, ba ya taruwa ya koma raɓa yana ɗiga a fuskar mai barci. Cikinsa duhu ne sosai, abin da yake daɗi ga mai son hutawa, amma yakan sa mutum neman tocila ko da gari ya waye.

A watan Agusta ne na ga ɗaya fuskar. Zaren auduga yana kumbura idan ya sha ruwa, ya toshe ƙananan kafofin saƙar, shi ya sa ake jiƙa irin wannan tanti a busar da shi sau biyu ko uku kafin a fita da shi, kuma na yi hakan a gida. Yadin kansa ya riƙe ruwan sama na kusan dare guda. Inda ruwa ya sami hanya shi ne layin maɓallan da kafofin hannu, sannan duk wurin da kafaɗa ko jaka ta jingina da yadin daga ciki sai naso ya biyo. Da yake babu shimfiɗa a haɗe, ruwan da ya gangaro daga dutse ya shigo ta ƙarƙashi har sai da muka tona ɗan magudani a kewaye. Rashin shimfiɗa da raga ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, inda sauro yake kawo zazzaɓi, kunama kuma take neman ɗumi a ƙarƙashin kaya. Da safe muka naɗe shi a jiƙe, nauyinsa ya ƙaru ƙwarai, ruwansa ya riƙa tsiyaya a bayana har muka sauko. Shanya shi a cikin damina sai da ta ɗauki kwanaki, kuma ba a yi wa wannan shanyar ganganci, domin tamfol ɗin da aka ajiye da danshi yakan yi funfuna, ya yi wari, zarensa ya ruɓe.

Idan aka gwada shi da tantin zamani na masu tafiyar ƙafa, tazarar a bayyane take. Tamfol ɗin auduga na tanti yakan kai giram 300 ko fiye a kowace murabba'in mita, nailan mai shafen silikon kuwa sau da yawa bai kai giram 70 ba. Tantin mutum biyu na zamani yana tsakanin kilo 1.5 da 2.5, kuma a cikin wannan nauyin akwai shimfiɗa, da raga, da rufin kare ruwa, sannan yana bushewa cikin ɗan lokaci. Rauninsa shi ne tsada, da tsoron wuta, da kuma yadda zafin rana yake cin nailan a hankali idan an bar shi a kafe makonni.

Akwai abu guda da ya kamata mai saye a Najeriya ya kiyaye. Doka ta hana farar hula sanya kakin soja, kuma ko da yake tanti ba kaki ba ne, rabin wannan tantin riga ce mai launin kayan soja. Ban ba kowa shawarar yafa ta a kan hanya ba, kuma ya fi kyau a riƙe rasit ɗin saye saboda tambayoyin shingen bincike. Kafin biyan kuɗi kuma a buɗe shi a ɗaga a hasken rana don ganin huji, a ja ɗinkin a ji ƙarfinsa, a shinshina ko akwai warin ruɓa, a ƙirga maɓallai, a tabbata rabi biyun girmansu ɗaya ne, domin sojan Poland sun yi shi girma uku gwargwadon tsayin mutum.

Ga wanda zai je da mota ko babur, ya kafa shi wuri guda a lokacin rani ko hunturu, kamar mai gadin gona ko mai zaman kwanaki a bakin dam, wannan tanti ya ci kuɗinsa, kuma zai daɗe idan ana busar da shi. Ga mutum biyu da za su raba shi a gajeriyar tafiya ta hunturu, ana iya haƙuri da shi. Mai tafiyar ƙafa shi kaɗai, musamman da damina, ban ga dalilin da zai sa ya goya shi ba. Nawa yanzu yana cikin but ɗin mota, tantin nailan kuma shi ne a jakar goyo idan za mu hau Shere.