Awara da alale ne suka riƙe ni bayan aikin rage tumbi a Ingila

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda labari ya kai gida cewa an yi min aikin rage tumbi a nan Manchesta wayata ba ta huta ba, wasu sannu suke min, wasu nawa na kashe suke son ji, wasu kuma cewa suke in binciko musu asibiti a Masar ko Turkiyya su ma su je a yi musu. Amma har yau ba wadda ta tambaye ni me nake ci, alhali nan duk wahalar take, shi aikin kansa ai kina barci ake yi a gama.

Irin wanda aka yi min shi ne ake yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a cire gaba ɗaya, abin da ake bar miki siriri ne kamar ayaba, da farko ko rabin kofin shayi ba ya ɗauka. Sati biyun farko ruwa-ruwa kawai, sai wasu sati biyun na abin da aka markaɗa, sannan mai laushi, sai an kai wajen sati shida kafin ki fara taɓa abincin mutane. Kuma a wannan ɗan wurin aka ce dole kullum in shigar da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80, in ba haka ba jiki naman kansa zai koma ci, ki rame amma ramar rashin ƙarfi, gashi ya yi ta zuba. Ƙwai ɗaya giram 6 ne fa a cikinsa. Ku lissafa, ƙwai goma kenan ga mutumin da rabin ƙwai ke ƙosar da shi.

Sai kuma nama ya juya min baya. Tsokar kaza ɗaya in na haɗiye sai ta tokare min ƙirji, yawu ya yi ta taruwa, sai na amayar sannan in samu lafiya, jan nama kuwa ko ƙanshinsa bana so. Sun ce hakan na samun mutane da yawa bayan aikin, wasu ya wuce da wuri wasu ya daɗe. Ana shiga wata na uku gashina ya fara bin mataji, hawa bene sai na huta a tsakiya, wallahi na tsorata.

A haka na je ganin likitar abinci, don a nan duk wanda aka yi wa aikin akwai mai bibiyar abin da yake ci. Baturiya ce, yarinya ma, ba za ta girmi autarmu ba. Na shiga ina jiran ta miƙo min takarda mai cuku da yogot da kifin gwangwani in kama hanya. Sai ta jawo kujera kusa da ni ta ce in faɗa mata abin da ake dafawa a gidanmu can Najeriya wanda ba nama a ciki, ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake yin kowanne. Na yi jim, don tunda nake ban taɓa jin likita ya yi wannan tambayar ba. Na fara da alale, ta ce da wane irin wake, ana cire ɓawon ko a'a, mai nawa ake zubawa, turarawa ake ko soyawa. Na kawo ƙosai, ɗanwake, garau-garau, kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli, miyar agushi, kwaɗon zogale, tana rubutawa tana duba kwamfuta tana buga lissafi. Awara ce ta ƙarshe da na ambata. Da na kwatanta mata yadda ake jiƙa waken suya a markaɗa a tace, a dafa madarar a zuba ruwan tsami ta dunƙule sannan a matse a ƙyalle, sai ta ajiye biro ta ce to ai an gama, wannan za mu ɗora komai a kansa.

Ta nuna min a takarda. Awarar da aka matse sosai giram 100 na ba da furotin giram 12 ko fiye, kuma na waken suya cikakke ne, duk sinadaran furotin da jiki ke nema a nama akwai su a ciki. Dafaffen wake giram 100 wajen giram 8 ne, shi akwai abin da ya gaza a cikinsa wanda hatsi ke cikawa, wato wake da shinkafar nan da muke rainawa haɗi ne na hankali. Gyaɗa tana da wajen giram 25 amma kusan rabinta mai ne, don haka ta fi son ƙuli-ƙuli tunda an riga an matse man, in daka in barbaɗa a miya. Ƙosai ta ce a jingine shi saboda suya, ɗanwake ma haka saboda garin rogon ya fi waken yawa kuma yana dunƙulewa a ciki, kunun gyaɗa sai dai ba suga don suga mai yawa na iya jawo jiri da zufa da gudawa. Ƙa'ida ɗaya ta ce kar in saki: furotin farko, sai ganye, in wuri ya rage sannan loma ɗaya ta tuwo. Ruwa kuma ba a haɗa shi da abinci, a bar rabin awa kafin da bayan ci.

Na fito ina share hawaye. Ba don awarar kawai ba, a'a, yadda yarinyar nan ta ɗauki abincinmu da daraja ta zauna tana auna shi. A gida na yi shekaru ina fama da ciwon suga da hawan jini, abin da nake samu a asibiti bai wuce kar ki ci kaza kar ki ci kaza ba, ba wanda ya taɓa ce min to ga abin da za ki ci. Mu kanmu kuma awara abincin 'yan makaranta muka ɗauke ta, wa zai yi baƙo ya ajiye masa awara, ai sai a ce ya raina shi.

To amma kar ku ɗauka komai zam-zam yake a nan. Awararsu, tofu suke rubutawa a jiki, a cikin ruwa take zuwa a leda, fara fat, lami, ba gishiri ba albasa ba attaruhu, 'yar guntuwa fam biyu da wani abu. Sai na matse ta na jiƙa da kayan ƙanshi tun dare sannan in gasa. Abu ɗaya na yaba mata, wasu da kalsiyam, sinadarin ƙarfafa ƙashi, suke daskarar da ita, to kin ga riba biyu. Waken gida kuwa sai na hau mota zuwa shagunan 'yan Afirka a unguwar Moston, kuɗinsa in na juya shi zuwa naira sai raina ya ɓaci, ga shi wani ya kwana biyu a sito sai ki yi ta dafawa yana kallonki. Ranar da kewa ta ishe ni na sayo ɗanyen waken suya na yi tawa da ruwan lemon tsami, ta yi, amma ba ta kai ta ƙofar gidanmu a Gwammaja ba, wadda ake tsamowa daga mai da zafinta a barbaɗa yaji a yanka kabeji da albasa. Ita wannan ma ko ina gida yanzu cikina ba zai karɓi man ba.

Sai wani tarko. Manyan kantuna suna da layi guda na kayan marasa cin nama, mutum ya ɗauka duk abin da ke wurin furotin ne, ina! Madarar hatsin ot giram 1 ce a mililita 100, ta waken suya ta haura giram 3, cukun da suke yi da man kwakwa kuwa kusan babu komai a cikinsa sai mai, ga tsada. Abin da ya cece ni shi ne doka ta tilasta a rubuta a bayan kowane kaya abin da ke cikin giram 100, furotin nawa, suga nawa, mai nawa. Yanzu kafin in duba kuɗi bayan kwali nake fara juyawa. A gida fa? Garin kunu iri-iri ana tallarsa a WhatsApp, wannan na ƙarin jini wancan na gyaran jiki, ba wanda zai iya faɗa miki me ke cikin cokali ɗaya. Ga waken suya ana nomawa a Kaduna da Binuwai, ga shi buhu-buhu a Dawanau, mai yawa kaji ake niƙa wa.

Kuma kar wata ta karanta wannan ta ce to wake ya wadatar. Bitamin B12 babu shi a tsirrai, ga shi ɓangaren tumbin da ke taimakawa jiki ya zuƙe shi an cire mafi yawansa, don haka allura ake min duk wata uku kuma sun ce har ƙarshen rayuwa. Ga ƙwayar bitamin kullum, ga kalsiyam da bitamin D, ga maganin ƙarin jini, kalsiyam da maganin ƙarin jinin ma ba a haɗa su lokaci ɗaya sai an bar awa biyu tsakani. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye jiki ba ya ɗaukarsa kamar na nama, shayi kuma yana ƙara tare shi, dole na raba shayi da abinci na koma matsa lemo. Neman maganin da ba a yi kwansonsa da jelatin alade ba shi ma wani aiki ne, samun layin ganin likita kuwa sai kin kira da ƙarfe takwas na safe kin yi ta jira a waya, wannan kam yana ci min rai. Amma dai ana ɗibar jinina a kai a kai, tsarinsu shekara biyu asibiti na bibiyarki sannan su miƙa ki ga likitan unguwa ana gwaji duk shekara. Azumin farko ma cewa suka yi in dakata, na tambayi malami ya ce lalura ce.

Wannan bibiyar ce nake ji wa matanmu tsoron rashinta. Mace ta tara miliyoyi ta tafi waje a yanka, ta yi kwanaki ta dawo, ba likitan abinci ba gwajin jini, sau da yawa ma ɓoyewa take don gudun surutu. Sai 'yan dubiya su cika ɗaki da kuloli, farfesun kayan ciki, tuwo, fura an zabga suga, lemon kwalba katan-katan, ana daure ki ci mana, haba ɗan wannan ne zai riƙe ki. In ta fara ramewa kuma a koma gefe ana ko ciwo ne ko mijin ne ba ya kula da ita. Mu ne fa har yau 'yan matanmu ke shan sha-ka-fashe don a ce sun ji daɗi, sai suga da ciwon gwiwa sun kama mutum sannan a fara neman biza. Haba jama'a.

Wadda ta riga ta sa ranar tafiya, don Allah tun kafin ki hau jirgi ki nemo wanda zai riƙa auna jininki in kin dawo, ki tanadi allurar B12 da bitamin ɗinki, ki samu 'yar sikelin kicin, ki zaunar da mai dafa miki ki nuna mata alale mai ɗan mai kaɗan da garin waken suya cokali biyu a ƙullin, da awarar da ba a soya ba a cikin miyar ganye. In kuma kika ga amai ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, ko ƙafafu sun fara mutuwa, ko gani na rarrabuwa, kar ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki tafi asibiti a ranar ki faɗa musu aikin da aka yi miki ki ce su duba bitamin B1, don ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa kuma ba ya jira.