Wace taswira za ka sauke a wayarka kafin ka kama hanya?

Wanda yake Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, zai iya tuna cewa sabis ya ɗauke amma GPS, wato abin da ke nuna inda kake a taswirar waya, bai mutu ba. Daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo, ba ruwansa da turken kamfanin waya. Abin da ke shanye maka data shi ne zanen taswirar da waya ke ta saukewa kana cikin tafiya. In ka ajiye shi tun kana gida, ka huta.

Google Maps ita ce ta kusa, tunda da ita Tecno da itel da Infinix suke zuwa. Za ka zaɓi yanki, a ce daga Gusau zuwa Talata Mafara, ka sauke shi, har ma tana barin ka ajiye a memori. A cikin gari ba ta da na biyu wajen sunayen gidajen mai da asibitoci da shaguna. Sai dai in babu intanet hanyar mota kaɗai take nunawa, ba ta faɗa maka inda cunkoso yake, kuma taswirar takan nemi sabuntawa. Hoton sama kuwa, wanda ake ganin rufin gidaje da gonaki, gatarin data ne; a kashe shi.

Organic Maps kyauta ce, babu talla, kuma tun asali don rashin sabis aka gina ta, har hanyar ƙafa tana nunawa. Daga OpenStreetMap take ɗauko bayananta, wato aikin 'yan sa-kai, shi ya sa wani ƙauyen za ka tarar an zana shi lungu-lungu, na kusa da shi ko suna babu. OsmAnd ma rijiyarsu ɗaya, amma ta fi dacewa da malamin gona ko mai aikin safiyo da ke son adana sawun inda ya bi. Sau 7 take bari a sauke taswira kyauta, daga nan sai biya. Waze kuwa a bar ta, ba ta da rai in babu data.

Ni dai ga mai zirga-zirgar gari da manyan tituna, Google ta wadatar. Mai shiga ƙauyuka ya ƙara da Organic Maps. Ka sauke da datar dare mai rahusa, ka sa waya a yanayin jirgi, sannan ka nemi sunan garinku ka gani ko zai fito. Ko hanyar Anka lafiya take yau, wannan kam direbobin tasha ake tambaya.