Kai yara Masar ta hannun ajans: takardu sun yi kyau, ranar Giza ta lalace

Ta fannin takardu, ajans ɗin nan na garinmu da ke haɗa Umra da yawon Masar sun san aikinsu. Tun farko suka ce kowane yaro sai da fasfonsa, kuma ya zamana saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Suka dage kan katin rigakafin shawara har na ƙaramar 'yarmu, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Nijar. Biza ma su suka bi ta a Yamai. Wanda ya san wahalar hanyar Maraɗi zuwa Yamai, kilomita fiye da 600 ta Ƙonni da Doso, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ranar Giza, inda dala take, wato manyan kaburburan dutse na sarakunan Masar na dā kusa da Alkahira, ita ce ta ɓata mini rai. Dala ba wurin da ake zuwa da rana tsaka ba ne, balle da yara: fili ne fetal, yashi da dutse, babu inuwa. Ƙa'ida ita ce a isa ƙofa da zarar an buɗe da safe. Mu kuwa jagoran da suka haɗa mu da shi ya fara kai mu shagon turare, daga nan shagon takardar papirus, wai "gidan tarihi" ne. Shago ne kawai, ana ba ka shayi ana shafa wa uwargida turare a bayan hannu, shi kuma yana jiran lada kan abin da ka saya. Sai da rana ta take muka isa gaban dalar Sarki Khufu, yara sun riga sun galabaita.

A nan kuma aka ce shiga cikin dalar tikitinta daban, ba ya cikin kuɗin da muka biya. A takardar ajans an rubuta "ziyarar dala", ashe tikitin fili kawai ake nufi. Na ciro kuɗin Masar zan biya, mai sayar da tikiti ya ce kati kawai suke karɓa. Manyan wuraren tarihi na ƙasar sun daina karɓar tsabar kuɗi, kuma babu wanda ya gaya mana mu tanadi katin banki mai aiki a waje. Jagoran ya biya da nasa, ya ɗora ribarsa a kai. Yaro ƙasa da shekara 6 ba ya biya, ɗalibi mai katin shaida rabin kuɗi ne, wannan ma daga baya muka ji.

Ita kanta shigar, da an yi mana bayani da ba mu kai ƙaramar ba. Hanyar hawan farko tsayinta bai wuce mita 1 da ɗan kai ba, a sunkuye ake tafiya kan katako, masu sauka na goga kafaɗa da masu hawa, iska ta yi nauyi. Sai ka fito wani dogon zaure mai mita 47, sannan ɗakin sarki, inda babu komai sai akwatin dutse wanda babu kowa a ciki. Babban yaro zai ji daɗi, gini ne na shekara kusan 4,500 da tsayinsa na asali ya kai mita 146. Ɗan shekara 5 kuwa kuka zai yi.

Luksor, birnin tarihi a kudancin Masar, ta ɗan wanke su. Sun sa mu a jirgin sama, tafiyar awa 1, maimakon kwana a jirgin ƙasa. Jagoran can ya fito da mu bayan sallar asuba zuwa Kwarin Sarakuna, ya bayyana cewa tikiti ɗaya kabari 3 yake buɗewa, na Tutankamun da aka gano a 1922 kuɗinsa daban. Ya zaɓa mana masu gajeren gangare da zane mai haske. Tsohon gidan bauta na Karnak ya bar shi sai la'asar, yara suna ta ƙirga ginshiƙai 134 na babban zauren. Har na fara cewa zan sake ba su aiki.

Amma da muka koma Alkahira suka maimaita halinsu. Abin da yaran suka fi ɗoki tun daga gida shi ne ganin gawar Ramsis na 2, wanda mutane da yawa ke dangantawa da Fir'aunan Annabi Musa. Aka kai mu tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, alhali tun Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa wani gidan tarihi a Fustat. Babban yaron ya yi ta tambaya, "Baba, ina Fir'aunan?" Tsarin da suke sayarwa tsoho ne, ba su sabunta shi ba, ga jirgin komawa a daren.

Biza da tikitin jirgi, a ba su. Ranakun Alkahira kuwa kada wanda ya biya kuɗi sai an rubuta masa sunan kowane wuri, lokacin tashi daga otel, tikitin da ke ciki da wanda ba ya ciki, da cewa babu tsayawa a shago.