Biron lauyan da ya fiddo mana ɗan yayata bayan ya amsa laifin da bai yi ba

Salamu alaikum jama'a. Tun bayan babbar salla nake son in rubuta wanga bayani kan wani biron lauya da ke nan Maradi, ba nisa da babbar kotu, don mutane da yawa sun tambaye ni wa ya tsaya mana a maganar ɗan yayata. Sunanshi ba zan saka ba, shi da kanshi ya ce kar in saka. Amma aikin da ya yi mana da kuɗin da munka biya da abin da bai yi mani daɗi ba duk zan faɗa.

Yaron shekararshi 19, yaron kamyo ne, suna ɗaukar wake da gujiya tsakanin Tasawa da nan. Wani dare anka tare wani ɗan kabu-kabu a bayan gari, anka ji mishi mummunan ciwo anka tafi da moto da salularshi. Bayan sati biyu sai ga salular a hannun yaronmu, ya saye ta jikka 12 wurin wani da bai sani ba a bakin tasha, kun san yadda yaranmu suke da son arha. Anka zo anka tafi da shi komisariya da la'asar. Mu kuma sai munka yi kuskuren da kowa ke yi, munka kwana biyu muna yawon neman wanda ya san wani, a je gun wane a kira wane, ba wanda ya kawo zancen lauya ko sau ɗaya. Kafin mu farga an ce mana yaro ya amsa, ya dangwala yatsa a takarda, an wuce da shi gidan kaso.

Wallahi ni kaina ranar na yarda ya yi. Na ce ma Yaya ta yi haƙuri, wa zai ce ya yi fashi in bai yi ba? Da na je ganinshi ya riƙe mani hannu yana kuka yana cewa Kawu wallahi ban yi ba, na ce to don mi ka amsa, ya yi shiru ya duƙar da kai. Shirun nan na ɗauke shi shaida a kanshi, Allah ya yafe mani.

Wani abokina direba ne ya kai ni biron. Ɗaki biyu ne da ɗan wurin jira, kujerun roba, fanka ɗaya, dosiye jibge har kan taga. Sakatariyar mace ce mai haƙuri, ta karɓi jikka 10 na ganawar farko ta ba ni rasit nan take ba sai na tambaya ba. Mun jira wajen awa ɗaya da rabi don Metir, wato lauyan, yana kotu. Da ya shigo na fara ba shi labari ina jin kunya, na ce Metir matsalar ita ce yaron ya riga ya amsa. Ko gezau bai yi ba. Tambayoyi ya jero mani, awa nawa ya yi a hannunsu kafin ya amsa, ya yi barci ko bai yi ba, ya iya karanta Faransanci, wa ya karanta mishi abin da anka rubuta. Ko guda ban san amsarta ba, don ban taɓa tambayar yaron ba.

Washegari ya je gidan kaso da kanshi ya zauna da shi, kuma a nan ne munka ji abin da ya faru. Ba wani dukan kirki anka yi mishi ba, mari ne biyu ko uku a daren farko. Abin da ya karya shi rashin barci ne, dare biyu ana tashinshi ana maimaita tambaya guda, duk sanda ya ce bai yi ba sai a katse shi a ce wannan mun wuce wurin, mun san kai ne, yadda ka yi muke son ji. Anka ce mishi ɗan kabu-kabun ya gane fuskarshi, alhali mutumin yana kwance asibiti ko magana bai fara ba. Anka ce in ya ci gaba da taurin kai za a je a kawo uwarshi ta kwana nan. Sannan wani ya zo da ruwan sanyi da lallashi, ya ce kai yaro ne, talauci ne ya sa ka, alƙali zai tausaya maka, ka amsa kawai ka je gida ka kwanta. Yaron ya ce ma Metir shi a ranshi ya ɗauka in ya amsa za su bar shi ya yi barci, gobe kuma mai gidanshi zai zo ya faɗi gaskiya magana ta ƙare, tunda ya san bai yi ba bai ga abin tsoro a takarda ba. Takardar kuwa da Faransanci take, shi allo ya yi bai yi lakwal ba, anka ce ga abin da ka faɗa ya dangwala.

Metir ya ce mani Malam wannan ba abin Maradi ba ne kaɗai, kuma ba sai wawa yake faɗa ma ba. Ya ba ni labarin yara biyar a New York ta Amurka a 1989, 'yan shekara 14 zuwa 16, da sunka amsa sun kai ma wata mata hari a filin shaƙatawa na Central Park, anka ɗaure su shekaru, sai a 2002 wanda ya yi abin ya fito ya faɗa kuma gwajin DNA ya tabbatar shi ne. Da na koma gida na bi abin a intanet na kasa barci ni ma. A Japan akwai wani tsohon ɗan dambe Iwao Hakamada da anka zarga da kashe mutum huɗu a 1966, ya amsa bayan wajen kwana 20 ana yi mishi tambayoyi, anka yanke mishi hukuncin kisa, bai fito ba sai 2014, kotu ba ta wanke shi ba sai 2024 yana da shekara 88. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta duba mutanen da DNA ya wanke bayan an ɗaure su, fiye da ɗaya cikin huɗu sun amsa laifin da bakinsu. Har gwaji wani malamin jami'a Saul Kassin ya yi a 1996, anka zaunar da ɗalibai gaban kwamfuta anka ce kar su taɓa wani maɓalli, anka sa kwamfutar ta mutu da gangan anka ce su ne sunka taɓa, kusan kashi 70 cikin 100 sunka sa hannu sun yi alhali ba su taɓa ba. Waɗannan fa 'yan jami'a ne da sunka ci sunka ƙoshi sunka yi barci, ina ga yaron kamyo da ya kwana biyu ba barci ana ambatar uwarshi.

Aikin da ya fi burge ni shi ne yadda Metir ya zauna da takardar amsa laifin ya bi ta layi layi yana gwada ta da takardar likita. A bayanin yaron an rubuta ya soki mutumin da wuƙa a ciki. Likita kuwa ya rubuta rauni ne a ƙeya da abu mai nauyi, babu suka ko guda. Kalar moton da wurin da abin ya faru daidai suke a takardar, sai Metir ya tambayi yaron ina ka san moton ja ce, ya ce su sunka ce jar moton nan ina ka kai ta, shi ne na ce ja. Ka ga abin da sunka sani ya fito daidai don daga bakinsu ya ji, abin da ba su sani ba a lokacin ya ƙirƙira ya faɗa ba daidai ba. Bayan haka ya aiki yaron bironshi har Tasawa ya nemo direban kamyon da mai sito da rasit ɗin lodi mai kwanan wata, daren da anka yi fashin suna can suna jiran a gama auna wake. Alƙalin bincike ya saurare su, bayan wata huɗu da kwana tara anka saki yaron.

Metir ya kuma gaya mani abin da ya kamata mu sani tun farko. Tsarewar 'yan sanda a laifi irin wanga awa 48 ce, ba a ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara. Akwai dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, da ta ba lauya damar tsaya ma mutum tun daga lokacin da anka kama shi, a komisariya ko wurin jandarma, ba sai an kai kotu ba. Nijar kuma ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1998, wadda ta ce maganar da anka ƙwato da azaba ba ta zama hujja. Ga wanda ba shi da hali akwai hukumar ANAJJ ta gwamnati mai taimaka ma talakawa da sha'anin shari'a, shi da kanshi ya ce in ba za mu iya biyanshi ba mu je can mu tambaya. Ban ji ya zagi 'yan sanda ko sau ɗaya ba, ya ce su ma dangin wanda anka ji ma ciwo na tsaye a ƙofa suna jiran a nuna musu ɓarawo, abin da yake fata a riƙa ɗaukar muryar tambayoyin kamar yadda Ingila ta fara bayan dokarsu ta 1984, kowa ya huta.

Yanzu abin da bai yi mani ba. Kuɗin da nauyi, jikka 250 munka biya kashi uku, sai da Yaya ta sai da tumakinta biyu ni kuma na ci bashi, ban da kuɗin motar zuwa Tasawa. Ya yarda da biya kaɗan kaɗan kuma bai taɓa tsai da aiki don mun makara ba, wannan na yaba. Amma samunshi a waya wahala ne sosai, yana yawan tafiya Yamai, akwai lokacin da munka yi kwana goma sha ɗaya ba mu ji komi ba, Yaya kullum tana kirana da asuba tana tambaya ni kuma ba ni da abin faɗa mata. Sau biyu anka ba mu randebu munka je munka tarar ba ya nan ba wanda ya sanar da mu. Ko saƙo guda na cewa ana nan ana aiki da ya rage ma uwa zafi, na faɗa mishi haka a gabanshi kuma ya karɓa ya ba da haƙuri.

Duk da haka in cikin biyar ne zan ba shi huɗu da rabi, kuma in wani nawa ya shiga hannu gobe, Allah ya kiyaye, can zan fara zuwa kafin in kira kowa. In za ku je ku je da sassafe kafin ƙarfe 8 kafin ya wuce kotu, ku riƙe duk wata takarda da kuke da ita, ku rubuta ranar da awar da anka kama mutum don ita zai fara tambaya.

Yaron ya koma bin kamyo amma wani mai gida daban, na farkon ya ce ba ya iya sake ɗaukarshi don abokan cinikinshi na magana. A unguwa har yanzu akwai masu cewa ai da bakinshi ya amsa, kuɗi ne sunka fiddo shi. Takardar sakin tana cikin leda a aljihun rigarshi, duk inda za shi da ita yake tafiya.