Final Fantasy Pixel Remaster: abin da Bahamut da Mega Flare suka nuna game da tarin

A cikin wani kogo da ke duniyar wata, a Final Fantasy IV, dodo mai fukafukai yana tsaye a gefen allo bai ɗaga ko farce ba. Lamba ce kawai ke fitowa a sama: 5, sai 4, sai 3. Mai wasa yana ta sara, dodon ko a jikinsa. Da ƙirgen ya ƙare sai ya buɗe baki, haske ya cika allo, mutum biyar na tawaga su zube a tare. Wannan ita ce Mega Flare, dodon kuwa Bahamut ne, kuma da su za mu auna tarin Final Fantasy Pixel Remaster da kamfanin Square Enix na Japan ya fitar, domin a wannan hari ɗaya ake ganin inda kowane wasa ya yi kyau da inda ya gaza.

Tarin ya ƙunshi wasanni shida na farko, waɗanda asalinsu suka fito tsakanin 1987 da 1994. An sake zana su, an sake kaɗa kiɗansu a ƙarƙashin kulawar Nobuo Uematsu, wanda ya tsara kiɗan asali, aka fara sakin su a kwamfuta da waya a 2021, na shida ya biyo baya a 2022, sannan suka hau PlayStation 4 da Switch a Afrilun 2023. Ana sayar da su ɗaya-ɗaya, ana kuma sayar da su a dunƙule. Akwai Turanci, akwai Faransanci ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru, babu Hausa.

Sunan Bahamut ba baƙo ba ne ga wanda ya leƙa tsofaffin littattafan Larabci masu bayanin halittar duniya, inda yake nufin wani ƙaton kifi da ke ɗauke da ƙasa. Wasan Dungeons & Dragons na Amurka ne ya mayar da shi sarkin dodanni, daga nan Japanawa suka ɗauka.

A wasa na farko ba a kiran sa da sihiri ya taya tawaga yaƙi, ba ya kuma faɗa. Yana zaune a ƙarƙashin tsibiran Cardia, ka kawo masa wutsiyar ɓera daga Citadel of Trials, shi kuma ya ɗaga darajar mutanenka: Warrior ya zama Knight, Thief ya zama Ninja. A na biyu babu shi sam. Duk wanda Mega Flare ce ta kawo shi, zai iya tsallake waɗannan biyun.

Na uku, na 1990, shi ne mafarin harin. Tun da wuri ake haɗuwa da Bahamut a saman Dragon's Peak, kuma faɗan nan ba na ci ba ne, gudu ake yi. Sai an sami jirgin Invincible can gaba ake komawa a neme shi da gaske, kuma masu aikin Dragoon da ke tsalle sama su ne maganinsa, don harin yakan wuce su suna can sama. Inda mutane ke yin kuskure shi ne bayan sun ci shi. Wanda ya ba Evoker, ƙaramin mai aikin kiran halittu, wannan kira ba zai ga Mega Flare ba: ko dodon ya ƙara wa tawaga ƙarfi, ko ya nemi hallaka abokin gaba ɗaya, kuma ba kai ke zaɓa ba. Summoner, babban mai kira, shi ne ke fitar da cikakken harin. Ga shi kuma sihiri a wannan wasa mataki-mataki ake ƙirga shi, Bahamut yana mataki na 8, inda adadin kiran ya fi ko'ina ƙaranci. Abin ajiya ne don manyan bosawa, wato shugabannin abokan gaba, na ƙarshe, ba na watsawa a hanya ba.

Na huɗu ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kafin Bahamut ya saurare ka, sai Rydia, mai kiran halittu a tawaga, ta riga ta mallaki kiran Leviathan, wanda shi ma ba ya yarda sai an ci Asura a Feymarch, ƙasar halittun da ake kira. Wanda ya tsallake wannan ya hau jirgin Lunar Whale ya tafi wata, zai ratsa kogon gaba ɗaya a sallame shi hannu rabbana. Kogon kansa yana da Behemoth uku da suka tare hanya, kowannensu yana ramawa duk lokacin da aka taɓa shi, amma a ciki ake tsintar kayan yaƙi na Genji, don haka wahalar ba ta tafi a banza.

Sirrin faɗan shi ne sihirin Reflect, wanda ke mayar da sihiri kan mai shi. Mega Flare tana dawowa kan Bahamut daga jikin duk wanda aka yi wa Reflect. Sai dai Rosa, mai sihirin jinya a tawaga, mutum ɗaya take iya yi wa a lokaci guda, kuma tsakanin 5 da ƙarshen ƙirge ba za ta kewaye mutum biyar ba. Don haka tsari ake bi: ta fara da kanta, tunda ita ce mai tada waɗanda suka faɗi, sannan Cecil, jagoran tawaga. Masu Light Curtain ko Lunar Curtain, kayan da ke yin aikin Reflect, a jaka su yi wa kansu da shi. In Fusoya yana tawaga, masu Reflect sun zama biyu, aiki ya yi sauƙi. In Kain ne a madadinsa, ya yi tsalle lokacin da ƙirge ya kusa ƙarewa, harin ya same shi ba ya ƙasa. Jefa wa dodon Slow tun a farko yana ƙara tazarar da ke tsakanin lambobin.

Abu biyu ne ke kashe mutane a nan. Na farko, Reflect ba ya zama har abada. Wanda ya tsira daga Mega Flare ta farko ya saki jiki, ta biyu za ta same shi babu kariya. Na biyu, Reflect ba ya bambance sihirin cuta da na magani. Rosa ta jefa Curaga kan wanda ke da shi, maganin ya tafi ga Bahamut. A wannan faɗa da kwalaben Hi-Potion da Phoenix Down ake jinya. A kula kuma: wannan dabara ta wannan sigar ce da tsofaffin irinta. Da yawan shawarwarin da ke yawo a intanet suna cakuɗa ta da sigar da aka yi wa Nintendo DS.

Ladan ya kai a sha wahalarsa. Kiran Bahamut yana cin MP 60, wato makin da ake kashewa wajen sihiri, yana dukan duk abokan gaba, ba shi da alaƙa da wuta ko ƙanƙara ko tsawa balle wani ya shanye shi, kuma yana fita da sauri fiye da Meteor mai cin MP 99 da dogon jira. Daga lokacin da Rydia ta same shi har ƙarshen wasa, shi ne babban makaminta. Ga kuma abin da ya sa muke ganin wannan wasan ya fi sauran fahimtar harin: can ƙasa a Lunar Subterrane, Dark Bahamut da ke gadin takobin Ragnarok ba ya ƙirge ko ɗaya, da Mega Flare yake buɗe faɗa. Wanda ya shiga da HP, wato makin lafiya, rabi-rabi ba zai ga zagaye na biyu ba. An koya maka harin da gargaɗi, sannan aka janye gargaɗin.

A na biyar, na 1992, Bahamut yana tashi bayan an ɗauko allon dutse na farko daga dalar da ke hamadar Moore, ya koma North Mountain yana jira. Hanyar zuwa sai da baƙar chocobo, tsuntsuwar da ake hawa, ta Phantom Village, a sauka a daji, a taka sauran da ƙafa. Yana da HP 40,000, kuma salon harinsa yana canzawa gwargwadon yadda yake raguwa. Mega Flare tana zuwa ne idan ya sauka ƙasa da 10,000. Kuskuren da aka saba shi ne kiran Carbuncle, mai yi wa tawaga duka Reflect, tun a farkon faɗa: MP 45 ta tafi, Reflect ya hana jinya a lokacin da ake shan hare-haren da ba ya tarewa, ya kuma ƙare kafin a buƙace shi. A riƙa lissafin ɓarnar da aka yi masa. In ta doshi 30,000, a cika HP, sannan a kira Carbuncle ya rufe tawaga duka a bugu ɗaya.

A hannun mai wasa kuwa, nan ne aka fi samun hanyoyin sarrafa shi. Kuɗinsa MP 66, Gold Hairpin na mayar da shi 33. Dualcast na Red Mage, wanda sai an tara ABP, makin koyon aiki, har 999 a matakinsa na ƙarshe, yana ba da damar kira biyu a jere, Mime kuma ya kwaikwayi duka biyun ba tare da ya kashe MP ko ɗaya ba. Amma gaskiya ɗaya ce: Syldra, wani kira mai harin iska da ke cin MP 32, idan mai kiran yana riƙe da Air Knife da ke ƙara ƙarfin iska da rabi, tana yin ɓarnar da ta yi kusa da ta Bahamut a rabin farashi. Fifikon Bahamut yana fitowa ne a kan abokan gaba masu jure iska ko shanye ta. Wasan da ya bar sarkin dodanni ya yi gogayya da wata dabara mai araha ya mutunta mai tunani, kuma mun yaba masa a kan haka.

Na shida shi ne ya fi ba da takaici ta wannan fuska, duk da cewa labarinsa ya fi na sauran nauyi. Ba a ma yaƙar Bahamut. Dutsensa, wanda da shi ake kiran sa, yana cikin Deathgaze, wani mugun abu mai yawo a sama bayan duniya ta rushe, wanda ake farauta da jirgin Falcon. Yana da HP 55,555, yana buɗe faɗa da Level 5 Death da ke kashe duk wanda matakinsa ya rabu da biyar, kamar 25 ko 30 ko 35, ya yi 'yan zagaye ya tsere. Sa'ar ita ce raunin da aka yi masa ba ya warkewa, don haka a duba matakin kowa kafin a tashi, a yi ta bin sa da wuta da Holy har ya faɗi. Bayan duk wannan, Mega Flare tana cin MP 86 kuma sau ɗaya ake kiran ta a faɗa guda, alhali sihirin Ultima tana cin 80, ana kuma maimaita ta yadda aka ga dama. Amfanin dutsen na gaske yana wani wuri: yana koyar da Flare, kuma duk wanda ya ƙara mataki yana ɗauke da shi, HP ɗin da zai samu tana ƙaruwa da rabi.

A nan ne sabbin saitocin tarin ke iya cutar da wanda bai sani ba. An ba da damar ninka EXP, makin ƙara mataki, da kuɗi har sau huɗu, ko rage su zuwa sifili, da kashe faɗan kan hanya. Wanda ya kunna ninki huɗu a na shida kafin ya sami Bahamut, ya ƙone matakan da ya kamata su zo da ƙarin HP, kuma ba sa dawowa. Abin da ya dace shi ne a rage EXP har sai dutsen ya shiga hannu, a ninka makin koyon sihiri don Flare ta zo da wuri, sannan a buɗe EXP. A na biyar, ninka ABP yana gajarta wahalar Dualcast ba tare da ya ɓata faɗan ba. A na huɗu kuwa, ninki huɗu yana iya kai tawaga inda za ta kayar da Bahamut da ƙarfin tuwo, a rasa darasin Reflect gaba ɗaya, wanda shi ne daɗin wurin.

Maɓallin faɗa da kansa ma yana da tarko. Umarnin ƙarshe yake maimaitawa, don haka in an manta an bar shi bayan kiran Bahamut, Rydia za ta yi ta zuba MP 60 a kan ƙananan halittu har ta ƙare. A gaban ƙirgen kogon wata kuwa kada a kusance shi. A sa saitin lokaci a kan Wait, domin agogo ya tsaya yayin da ake neman Reflect a jerin sihiri.

Wanda ya saba da wasannin baya-bayan nan ya rage tsammani ta fuskar kallo. A na bakwai dodon ya zama uku, masu cin MP 100 da 140 da 180, na ƙarshensu yana harbo Tera Flare daga sararin samaniya. A na goma shi ne kira na farko da ke tsallake iyakar ɓarna ta 9,999 tun daga samun sa. A wannan tarin kuwa 'yan daƙiƙu ne na haske da ƙara, iyakar 9,999 tana nan daram. Ga wanda zai kira shi sau ɗari, wannan gajarta alheri ce.

Mai kuɗin wasa ɗaya ya sayi na huɗu, mai na biyu ya ƙara da na biyar. Babban gibin tarin, wanda ya kamata a sani kafin a biya, shi ne an gina shi a kan sigogin asali, don haka ƙarin kogunan duwatsu da manyan bosawan da aka saka a sigogin Game Boy Advance ba sa ciki. Wanda ya haɗa Dualcast da Mime da Gold Hairpin a na biyar, manyan bosawa biyu, Omega da Shinryu, su ne suka rage masa ya gwada ƙarfinsa a kansu, daga nan sai bos na ƙarshe.