Leza ko wankan sinadari don shimfiɗar CdS?

Malam, ka tambayi hanyar da za ka bi wajen yin siririyar shimfiɗar CdS, wato kadmiyam salfaid, a kan gilashi. Tsakanin hanyar leza, wato PLD, da wankan sinadari, wato CBD, ka ɗauki leza, tunda ka ce kuna da na'urar kuma ingancin kiristal kake nema.

Da ita nake aiki, lezar KrF mai tsawon zango nanomita 248. Ana ɗaura dunƙulen CdS a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, leza tana dukansa, kowane bugu ya tayar da feshin filasma, wato tururin CdS mai tsananin zafi, ya sauka kan gilashin da ke fuskantarsa, tazarar santimita 4 zuwa 6. Kadmiyam da salfa suna isa gilashin kusan yadda suke a dunƙulen, kauri kuma a hannunka yake, adadin bugu ne kawai. Samfurina na farko ya fito ruwan ɗorawa garai-garai, XRD kuma, wato awon tsarin kiristal da hasken X-ray, ya ba ni tsini guda siriri a zanen sakamakonsa wajen kusurwar digiri 26.5, ban sake gasa shi ba. Tun daga nan na bi ta.

Sai dai kada tsinin nan ya ruɗe ka. CdS kan fito da siffar kiristal iri biyu, kuma a XRD layin 002 na kiristal mai kusurwa shida da layin 111 na kubik kusan wuri ɗaya suke faɗowa, mutane da yawa kuwa sukan rubuta wanda ransu ya so. Ka nemi ƙananan tsinaye wajen 24.8 da 28.2, in sun bayyana to mai kusurwa shida ce. Raman, wato awon girgizar kiristal da hasken leza, zai nuna maka tsini kusa da 300 cm⁻¹ da na biyu wajen 600. A awon haske, shimfiɗar tana fara shanye haske daga wajen nanomita 510 zuwa ƙasa, giɓin makamashinta, wato mafi ƙarancin ƙarfin hasken da take iya shanyewa, kusan 2.42 eV. Wannan faɗin giɓi shi ya sa ake yin tagar solar da ita, wato shimfiɗar sama da haske ke ratsawa, a nau'ikan solar da ake kira CdTe da CIGS. Ɗumama gilashin zuwa digiri 200 ko 300 na Celsius yana gyara kiristal, in zafi ya wuce kima sai abin da ya sauka ya fara tashi.

Aibin leza shi ne ɗigo-ɗigon narkakken abu da kan fantsamo, da kuma ƙaramin fili da take rufewa. Ka riƙa juya dunƙulen, ka rage ƙarfin bugu.

CBD kuwa, to, tana da arha: gishirin kadmiyam, tiyoriya da amoniya a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 90. Tana rufe fili mai faɗi, masu haɗa CIGS ma da ita suka saba. Amma ƙwayoyin kiristal ɗinta ƙanana ne, ga bokitin ruwan guba da za ta bar maka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da dunƙulen. Wasu za su rubuta 99.99% a kwali, abin ciki kuwa gari ne da aka danne sama-sama, ɗigo zai yi ta zubo maka. Ka ce su ba ka takardar gwajin tsarki da nauyin matsewarsa, in ya iso ka kankari kaɗan ka yi masa XRD da EDX, wato awon sinadaran da ke cikinsa, kafin ka ɗaura. Da safar hannu da takunkumi za ka kankara, ƙurar kadmiyam tana lalata ƙoda da huhu.