Tsimammen attaruhu na kwalba

Wata baiwar Allah a unguwarmu ce ke haɗa shi tana sayarwa. Attaruhu ne da tattasai da tafarnuwa, da gishiri giram 3 a kowane giram 100, ta rufe su tsimu sati biyu kafin ta markaɗa. Ba mai, ba sukari, ba magi. Ɗan tsaminsa daga tsimawar yake, kuma shi ke hana shi saurin lalacewa. A kan ɗanwake rabin cokali ya ishe ni, zafin a hankali yake hawa, ƙamshin tafarnuwa na biye. Ƙorafina ɗaya: tana cika kwalbar maƙil. In an ɗauke wuta firij ya huce, iska ta taru, kana buɗewa sai ya fantsamo maka a riga. Masu olsa dai a yi hattara.